Kangon da Ya Tsaya a Linta: Me Ke Hana Talaka Mallakar Muhalli?

Duk wanda ya fita daga Kano ta hanyar Gwarzo ya wuce Rijiyar Zaki, ko ya bi ta Mariri ya nufi Wudil, zai yi ta cin karo da abu iri ɗaya hagu da dama: gini ya tashi ya kai linta, ya tsaya cak. Rodin da aka bari a kan ginshiƙi ya yi tsatsa, tumfafiya ta tsiro a inda aka yi niyyar falo, awakin unguwa suna shan inuwa a ɗakin uwargida. A jikin bango an rubuta da fenti ko da gawayi cewa ba na sayarwa ba ne. Mai shi yana can cikin gari a ciki da falo na haya, shi da iyalinsa, yana jiran ranar da Allah zai hore masa kuɗin kwano.

Ɗaya daga cikin waɗannan kangaye na maƙwabcina ne, malamin firamare. Da kuɗin adashi da ɗan abin da ya samu na gadon gona ya sayi filin, awon igiya, yau shekara tara. Duk wata in albashi ya shigo sai ya sayi siminti buhu biyu ko uku, a buga masa bulo a jibge. Ranar da na raka shi duba aiki, magininsa, wani dattijo da ya yi furfura a sana'ar, ya dube shi ya ce, "Malam, lissafin da na yi maka bara fa ya tashi aiki. Kuɗin kwano bandir goma na wancan lokaci yanzu da ƙyar ya ɗauko maka shida." Malam bai tanka ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, muka kamo hanya.

In ka tambayi jami'in gwamnati ko ɗan kwangila me ya sa gidaje masu sauƙin kuɗi suka gagara a ƙasar nan, amsa a bakinsa take: fili ya yi wuya, siminti ya yi tsada, banki ba ya ba da bashi, jama'a sun yi yawa. Kowace akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Sai dai ba nauyinsu ɗaya ba, kuma da yawa daga ciki mu muka ɗora wa kanmu da hannunmu, muka dawo muna kuka da su kamar daga sama suka faɗo.

Ko yawan gidajen da ake buƙata ma ba a tsaya a kan magana ɗaya ba. An daɗe ana cewa giɓin miliyan 17 ne, aka koma 20, wasu suka kai shi 28. Babatunde Fashola, lokacin yana ministan ayyuka da gidaje, ya fito fili ya ce miliyan 17 ɗin nan ba shi da tushe. Ƙidayar jama'a da gidaje ta ƙarshe kuwa tun 2006 aka yi ta. Illar irin waɗannan alƙaluma ita ce suna sa gwiwa ta yi sanyi tun ba a fara ba, kuma suna ba mai mulki mafaka, don wa zai zarge shi da kasa gina gida miliyan 28? Alhali yawancin masu wannan matsala ba a titi suke kwana ba. Suna da rufi a kansu, amma mutum bakwai ne a ɗaki guda, ban-ɗaki ɗaya ga magidanta biyar, ga mai gida yana ƙara haya duk shekara.

Zancen ƙarancin fili shi ne mafi rauni a cikin dalilan. Arewa ba ta rasa ƙasa ba. Abin da ya yi wuya shi ne filin da aka yanka bisa tsari, mai hanya, mai magudanar ruwa, mai takarda, wanda kuma bai yi nisa da wurin neman abinci ba. Wannan kuwa ba damina ke kawo shi ba, aikin hukuma ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana, ta ce ba a sayar da fili mai takarda ko a jinginar da shi sai da amincewarsa. An kuma cusa ta cikin kundin tsarin mulki, ta yadda taɓa ta sai an bi doguwar hanyar gyaran kundin. Mu a Arewa ba baƙon abu ba ne, domin tun dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 ƙasa ke hannun hukuma. Niyyar dokar mai kyau ce, har ta ƙayyade cewa kada wanda ya riga ya mallaki filin birni da bai gina ba ya riƙe fiye da rabin hekta. To amma me ya faru a aikace? In gwamnati ta yanka sabuwar unguwa, kafin talaka ya ji labari an gama rabo. Takardar fuloti ta zama tukwicin siyasa, ana ba wanda yake da gida uku, shi kuma ya miƙa wa dillali. Ta bi hannu huɗu ko biyar, kowane hannu da ribarsa da la'adarsa, kafin ta iso ga wanda zai zuba fandisho da gaske.

Akwai wani lungu na dokar da ba a cika kula da shi ba, kuma a ganina shi ne uwar awon igiya. In gwamnati ta karɓi gona, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, bishiya, amfanin gona. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Saboda haka manomin da ya ga gari ya doso gonarsa ba ya jira. Ya kira dillali da mai unguwa, a ja igiya, a kafa turaku, a sayar gunduwa-gunduwa. Ba za ka ga laifinsa ba, kowa ya san gidan da wuta ta doso ba a tsayawa jiran shawara. Amma tunda kowane taku kuɗi ne, ba wanda zai bar filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta. Lungu sai ya fito tsukuku, tifar yashi ba ta shiga, balle motar kashe gobara. A toshe hanyar da ruwa ya saba bi tun kaka da kakanni, watan Agusta ya zo ya karɓi hanyarsa ta cikin ɗakunan mutane. Bayan shekara ashirin in gwamnati ta tashi fitar da titi, sai an yi rusau an biya diyya ninkin-ba-ninkin abin da za a kashe da tun farko aka shata hanyar a fili fetal.

Mai irin wannan fili ba shi da abin nunawa sai 'yar takardar ciniki da sa hannun shaidu. Banki ba ya karɓar ta, kuma ita ce ke sa a sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, a ƙare a kotu. Neman takardar mallaka kuwa tafiya ce da ba a san ranar dawowa ba: kuɗin awo, kuɗin rajista, kuɗin hatimi, fayil ya kwana a wannan tebur ya yini a wancan. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya gane girman wannan, shi ya sa a 2009 ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje. Ƙiyasin da aka fi ambata tun lokacin shi ne filayen da ke da rajista a ƙasar nan ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. A kusan wannan lokaci ne Ruwanda ta bi ƙauye-ƙauye, gona-gona, ta yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista tsakanin 2009 da 2013. Ba kuɗi suka fi mu ba. Sun ɗauki takarda a matsayin haƙƙin mai fili, mu kuma jihohinmu suna kallon ta a matsayin hanyar tara kuɗin shiga.

Tsadar siminti kam ba ƙarya. Buhun da ake saye wajen naira 2,500 a 2019 ya haura 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanoni a watan Fabrairu aka yi matsaya a kan 7,000 zuwa 8,000. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni sun taɓa komai: dizal ɗin tirela, rodi, kwano, waya, tayil. Amma tambayar da ke bakin kowane mai gini tana nan: dutsen da ake yin simintin a Obajana da Kalambaina da Ashaka yake, ba daga waje ake kawo shi ba. Tun 2002 aka fara takura shigo da siminti don masana'antun gida su tsaya da ƙafarsu, kuma sun tsaya, abin alfahari ne. Sai dai kasuwar ta tattara a hannun kamfanoni uku, Dangote da BUA da Lafarge. Kamfanonin suna kafa hujja da tsadar iskar gas da kayan gyara da lalacewar hanyoyi, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Duk da haka, inda masu sayarwa uku ne kacal, aikin hukuma ne ta sa ido a kan farashi, tunda da kariyar hukuma aka kai inda ake.

A nan ne nake ganin mu ma muna da namu kason. Yaushe muka yanke hukuncin cewa gini in ba na bulon siminti ba ne, ba gini ba ne? Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 da ƙasa ne. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano da ƙasa ne. Kakanninmu sun san tubali, sun san azara, sun san makuba, suna da Sarkin Magina mai kula da ingancin aiki. Soron ƙasa yana riƙe sanyi a watan Afrilu lokacin da ɗakin bulo da kwano ya koma tanda. Yau kuwa saurayi in ya ce zai kai amarya gidan ƙasa, sai ya ji kunyar faɗa a gaban surukai. Na san amsar da za a ba ni: ai duk damina gidajen ƙasa ne ke faɗawa kan mutane. Gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne, rayuka ake rasawa. Amma je ka duba waɗanda suka faɗi. Mafi yawa ba su da tushen dutse ko kankare, ruwa yana kwanciya a gindinsu, indararo ya karye ba a gyara ba, an bar yaɓen shekara-shekara. Katangar ƙasa ƙafa da kai take so a kare mata. In aka ɗora ta a kan tushe mai kyau, aka yi rufi mai baki da ke jefa ruwa nesa, aka matse tubalin da inji da ɗan siminti kaɗan a ciki, sai ta ga jikoki.

Maƙwabtanmu sun riga sun nuna. A Yamai, Mariam Kamara da abokan aikinta sun kammala wasu gidaje shida masu bene a 2016, da matsattsen tubalin ƙasa, a filin da bisa al'ada gida ɗaya ko biyu zai ci. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar ƙauyensu Gando, da irin wannan gini ya ci babbar lambar masu zanen gine-gine ta duniya a 2022. Mu ma muna da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa tun 1978, ta kuma ƙera injinan buga irin wannan tubali. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta fara da kanta. Ranar da aka gina sakatariya ko gidan kwamishina da jan tubali, ranar talaka zai daina jin kunyarsa.

Gidajen Yamai ɗin nan sun taɓo wata damuwa tamu ta gaske, wato bene. Bahaushe ba ya son a leƙa masa tsakar gida, kuma yana da gaskiya, sirrin iyali ba abin sayarwa ba ne. Rigimar tagar bene tsakanin maƙwabta ba sabon abu ba ne a gaban masu unguwa. Wannan ya sa garuruwanmu suke ta faɗi kamar tabarma, kowa da fulotinsa da katangarsa, har mai aiki a Kantin Kwari ya koma kwana a Gezawa, rabin abin da ya samu ya tafi a kuɗin mota. Amma matsalar ta zane ce. In tagogi suka kalli cikin gida, aka ɗaga bangon baranda, kowane gida da ƙofarsa da ɗan tsakar gidansa, za a hau sama ba tare da an keta mutuncin kowa ba.

Sai batun bashi, wanda a nan ne lissafi ke fito da gaskiya tsirara. Tun 1992 ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikata ana zubawa a asusun gidaje na ƙasa, wanda bankin lamunin gidaje na tarayya ke kula da shi. Rancen asusun yana da sauƙi, ruwa kashi 6, biya har shekara 30. To ɗauki gidan naira miliyan 10, wanda a yau da ƙyar ya zama mai ɗaki biyu a bayan gari. A kan wannan sharaɗi mai sauƙi, biyan wata zai kama kusan naira 60,000. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. In kuwa bankin kasuwa ne, da ruwa kashi 25 a shekara 20, biyan wata ya haura 200,000. Ba sai an yi dogon bayani ba. Ƙari a kan haka, tsarin gaba ɗaya an ɗinka shi ne a jikin mai albashi. Tela, ɗan adaidaita, mai shayi, 'yar kasuwar da ke sayar da atamfa a cikin gida, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, ba su da takardar albashi, don haka ba sa ma cikin lissafi.

Akwai kuma abin da masu tsara manufofi daga nesa ba sa ɗauka da nauyi: mutane da yawa a nan ba za su taɓa bashin ruwa ba ko da kashi ɗaya ne, saboda tsoron riba. Wannan ba taurin kai ba ne, addini ne, kuma shari'a ba ta bar mu ba mafita ba. Akwai ijara, akwai murabaha, akwai haɗin gwiwar da kason banki ke raguwa har gida ya zama naka. Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu bankunan irinsa sun biyo baya. Cikas ɗinsu shi ne kuɗin da suke juyawa ajiyar ɗan lokaci ce, ba a gina bashin shekara ashirin a kanta. Kuɗi mai dogon numfashi yana asusun fansho, wanda ya haura naira tiriliyan 20, mafi yawansa kuma gwamnati ce ke ranta. Wakafi ma, wanda a tarihin Musulunci ya gina gidaje da makarantu, mun taƙaita shi ga masallaci da rijiya. Attajirin da ya gina gidajen haya goma ya yi wakafinsu ga marayu da sababbin ma'aurata ya yi sadaka mai gudana, kuma malamanmu ya kamata su riƙa faɗin haka a kan mumbari.

Gwamnatoci sun gwada gina gidajen da kansu, ba sau ɗaya ba. Shehu Shagari ya yi alƙawarin gida 2,000 a kowace jiha duk shekara. Abin da aka samu bai kai ko kusa ba, wasu an kai su daji inda ba ruwa ba mota, duk da cewa unguwannin da ke ɗauke da sunansa suna nan cike da mutane har gobe. Lateef Jakande a Legas ya fi kowa cin nasara, saboda ya yi ƙanana, masu yawa, a farashin da malamin makaranta zai iya. A Kano an gina Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo tsakanin 2011 da 2015, gidaje masu kyau da tituna shimfiɗaɗɗu, amma da yawansu suka yi shekara da shekaru a rufe, har a 2025 gwamnati ta gargaɗi masu su da su tare ko a karɓe. A Abuja, ma'aikaci yana tasowa daga Masaka ko Suleja tun asuba, yana wuce gidajen da ba kowa a ciki sai mai gadi. A watan Disambar 2024 kotu ta ƙwace wani rukuni mai gida 753 a Lokogoma da aka danganta da dukiyar almundahana. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa gini ana yin sa, kuɗin gini ma akwai. Wanda ake gina wa ne ba shi ne mai buƙata ba, domin ga mai kuɗi gida rumbu ne da ake ɓoye dukiya daga faɗuwar naira.

Babban shingen, a nawa ganin, yana cikin ma'anar da hukuma ta ba kalmar gida. A wurinta gida shi ne wanda ɗan kwangila ya gama, aka yi masa fenti, aka yanka kyalle, aka miƙa mukulli. Alhali kusan duk gidan da ke Kurna da Ɗorayi da Rigasa da Unguwa Uku ba haka aka same shi ba. Ɗaki ɗaya aka fara, da ban-ɗaki da katanga, aka tare, aka ƙara wani da aka yi haihuwa, aka yi shago a zaure da hali ya samu. Talaka shi ne babban mai gina gidaje a ƙasar nan, ba tare da tallafin kowa ba. Kuɗin da gwamnati za ta kashe ta gama gida 500 zai isa a shata filaye dubbai, a fitar da hanya ko da ta burji ce, a haƙa magudana, a ja ruwa, a ware filin makaranta. An taɓa gwada irin wannan a unguwar Makama ta Bauchi da tallafin Bankin Duniya. Sharaɗin kawai shi ne a yi rabon a bainar jama'a, da ƙuri'a, ƙananan filaye, wanda bai fara gini ba cikin wa'adi a karɓe a ba na bayansa, manomin da aka shiga gonarsa kuma a ba shi kasonsa na fuloti mai takarda don kada ya riga hukuma jan igiya.

Shi kuma maƙwabcina ba miliyan goma yake nema ba. Kuɗin kwano da katako da ƙofa biyu yake nema, bashin da ba ruwa a ciki, wanda zai biya cikin shekara biyu da kuɗin da yake ba mai gidan haya yanzu. Ƙungiyoyin adashi na ma'aikata da 'yan kasuwa sun riga sun san wa ke biya wa ba ya biya, ta hannunsu ya kamata irin wannan rance ya bi.

Ina kira ga gwamnoninmu da 'yan majalisun jihohi, domin fili a hannunsu doka ta sa shi, ba a hannun Abuja ba: kafin a sake kafa tubalin wani sabon rukunin gidaje, a aika masu awo unguwannin awon igiya su bi gida-gida, a ba kowa takardarsa a farashin da bai fi ƙarfinsa ba, a kuma shata hanyoyin gonakin da gari zai cimma nan da shekara goma tun suna gonaki.